Zuwa Ga Usta Bagobiri, Sarkin Guduma na Bakin Bahar

Bagobiri, ina gajiya? Gajiya kaɗai na tambaya, don aikin na gan shi da idona, mutanen gari kuma sun ji shi da kunnensu tun daga warsharka har gangaren bahar. Wani dattijo ma sai da ya aiko jikansa ya ji ko maƙera ne suka yi sabon zama a unguwa ba a gaya wa mai gari ba.

Ta shafin nan na biyo maka saboda a bakin warsha ba ka barin mutum ya kai aya. Da na buɗe baki sai ka ɗaga guduma ka ce kai ne usta. A nan kuwa ba ka da abin ɗagawa, sai dai ka nemi yaro ya karanta maka, ka yi shiru ka ji abin da ubangidanka Bakatsine ya ce. Haƙƙin bawa ne a kan ubangidansa ya nuna masa hanya, ko da bawan ya yi furfura.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, tsohuwar Land Rover 110 ce ta gidanmu, mai injin dizal, wadda ke kwasar tumatir da albasa daga fadamun bakin Shuɗin Nilu ta kai Sinnar, in kasuwa ta yi kyau ta zarce Wad Madani. Ta fara wani ƙugi mai kama da kuka, amma ba kullum ba. Sai direba ya taka kuloci take yi, da ya ɗaga ƙafa ta yi tsit. Aka kawo maka, ka kanga kunne, ka sa aka taka aka saki, ka ce jilbar wutsiyar karanki ce ta cinye, wato ɗan zoben nan da makanikan Kano ke kira bushi. Ka faɗi daidai. Ban hana ka yabonka ba, sa'a ta fi sammako. Daga nan ne fa ilimin ya ƙare, Gobir ta karɓi aiki.

Bari in yi maka bitar abin da ka shekara kana taɓawa ba ka tsaya ka dube shi ba. A ƙarshen karanki, can baya inda falawil yake ɗaure, akwai rami a tsakiya. Cikinsa ake cusa wannan zobe na tagulla, wanda tsawonsa bai wuce gaɓar babban yatsa ba. Sandar da ta fito daga giyabos tana ratsa farantin kuloci, tsininta ya je ya kwanta cikin zoben, kamar yadda mai kaɗi take dasa tsinin mazari a ɗan kasko don kada ya yi ta yawo a ƙasa. Idan ƙafar direba ba ta kan kuloci, karanki da sanda tare suke juyawa, jilba tana hutawa. Da an taka, inji ya ci gaba da gudunsa, sanda ta rage nata ko ta tsaya, sai tsinin ya shiga goga cikin jilbar. Shi ya sa ba ta kuka sai a lokacin. Shi ya sa kuma direbobin da ke danne kuloci da giya a ciki suna jiran a duba takardunsu a shingen hanya suke kashe ta da wuri. Bokis ɗin Toyota da ya cika hanyoyinmu boris mai 'ya'ya ne a wurin nasa, wannan kuwa tagulla ce zalla.

Kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Wahalar duk a kai gare ta take. Sai an kwance farfela gaba da baya, an sauke giyabos da akwatin ƙarin giya, waɗanda ƙarti biyu ba sa ɗagawa suna dariya, an cire murfin kuloci da faranti, sannan a hango ta tana leƙe daga cikin raminta. Abin da ake shan wannan wuya kafin a taɓa shi, mai hankali sau ɗaya yake son ya taɓa shi.

Farkon aikin har ka ba ni sha'awa. Ka aiki yaro ya sayo burodi, na ce a raina lallai zama da Katsinawa ya fara amfanar mutumin nan. Dabara ce da kowane tsohon usta daga Hasahisa har Damazin ya sani: a jiƙa burodi, ko a samu giris mai kauri, a cusa cikin ramin har ya cika maƙil, a nemi sandar ƙarfe da ta yi daidai da bakin jilbar ba tare da ta bar kafa ba, a zura a ɗan buga. Burodin ba shi da wurin gudu, sai ya koma bayan zoben ya turo shi waje kaɗan-kaɗan. A ƙara cusawa, a ƙara bugawa, har ya faɗo a tafin hannu, ramin ko ƙwarzane bai samu ba.

Yaro ya dawo da burodi, daidai lokacin mai ful ta sauke tukunya. Ina tsaye ka jawo kwano, ka sa aka zuba man riɗi da albasa, ka gutsuttsura kayan aikin ka tura ciki. Ko tayi ba ka yi mini ba. Ka side yatsu, ka yi gyatsa, ka goge hannu a wando, ka ce a miƙo kurfi da guduma.

A nan ne mutanen unguwa suka fara jin labari. Ka dasa kurfi a gefen tagulla ka yi ta narka har ta tsage gida uku, ka zaƙulo ta gutsu-gutsu kana murna kai ka ci yaƙi. Na sa yatsa cikin ramin bayan ka matsa, na ji tabo biyu da bakin kurfi ya bari a jikin karanki, kowanne da ɗan tudunsa mai kaifi. Wannan tudun shi zai karkatar da duk abin da aka cusa bayansa. Ka ce ba komai, sabuwa za ta rufe.

Sabuwar ma ba ka tambaye ta asalinta ba. Jilba ta ƙwarai ba narkakkiyar tagulla ba ce da aka zuba aka fafe. Garin tagulla ake matsewa a gasa shi har ya haɗe, amma ya bar 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, sannan a shayar da shi mai. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fito da irinta a 1930, da sunan Oilite, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na jikinta mai ne. In ta yi zafi sai ta yi gumin man a kan sanda, in ta huce ta tsotse abinta. Kana iya gani da idonka. Ɗora ta a kan babban yatsa, ka cika ta da man inji, ka toshe saman da ɗaya yatsan ka matsa. In ta ƙwarai ce za ka ga ɗigo-ɗigo suna tsattsafowa ta bayanta. Akwai kuma ta jabu, wadda aka cika wa garin baƙin ƙarfe aka rina. Ita maganaɗisun tsohuwar lasifika ke tona mata asiri, da ka kusanto da shi sai ta yi tsalle ta manne. Irinta ba ta cinyewa ita kaɗai, sai ta ci tsinin sandar giyabos, wanda kuɗinsa ya ninka nata ban san iyaka ba. Akwai lasifika a rataye a warsharka tana ta rera waƙa tun safe. Ba ka ga dama ba.

Yaronka ya matso ya yi maka raɗa cewa a jiƙa ta a mai ta kwana. Na ji shi. Na bincika daga baya, ashe uwarsa Bakatsiniya ce. Ka daka masa tsawa, ka dumbuzo giris ka cika ta ciki da waje, ka ƙara wani cikin ramin don albarka. Giris toshe ƙofofin nan yake yi. Wanda ka cusa a ramin kuma shi zai tokare tsinin sanda ya hana ta shiga, ragowar in ya yi zafi ya fantsamu a kan farantin kuloci, mota ta riƙa rawar sanyi duk lokacin da za ta tashi.

Sai shigarwa. Ka riƙe ta da yatsu biyu a bakin rami, ka ɗaga gudumar da ake gyara sifirin lori da ita, ka sauke kai tsaye a kan tagulla. Bugu na farko ta shiga a karkace. Na ce Usta ta karkace. Ka ce za ta miƙe a hanya. Bugu na biyar bakinta ya baje ya naɗe ciki. Ba ka tuna ba ma cewa duk abin da ka sauke a wutsiyar karanki yana tafiya ne har kan 'yan wasoshin da ke tare shi kada ya yi gaba ya yi baya, waɗanda ba a yi su don karɓar hukuncin Bagobiri ba.

Ban yi mamaki ba fa. Gobir gidan faɗa, haka aka yi muku kirari, ba mu muka ƙaga ba. Tun zamanin Bawa Jan Gwarzo a Alƙalawa ba ku san wata hanyar shiga wuri ba sai da ƙarfi. Da Alƙalawa ta faɗi a 1808 kuka yi ta gararamba, a ƙarshe ina kuka samu inuwa? Tsibiri, gab da Maraɗi, a gefen tabarmar Katsinawa. Mu muka koya muku zama. Kuna kuma cika baki wai asalinku daga gabas ne, wajen Misira. To ga shi Allah ya dawo da kai bakin Nilu, ruwan da ke wucewa ta ƙofar warsharka can yake tafiya, ka aika musu da gaisuwa ka ce jikansu zobe ɗaya ya gagare shi.

Abin da har yau ban gane ba shi ne yadda aka yi Bagobiri ya iso ƙasar nan. Mutanen Mai Wurno an san tarihinsu. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yi gabas, suka kafa garinsu kudu da Sinnar wajen 1906. Wasunmu kuma hanyar Makka ce ta kawo kakanninsu a ƙafa, guzuri ya ƙare, aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe suna neman hannu, sai aka tsaya tsintar auduga da niyyar shekara ɗaya, shekarar da har yau ba ta cika ba. Kai fa? Ayarin jikan Shehu ba wurin Bagobiri ba ne. Abin da na ji a gidanmu shi ne kakanka ne ya ɗauko wa kakana buzu da buta tun daga Katsina, kuma a hanya ya fasa butar.

Mu koma ƙarƙashin mota, don can ne ka yi babbar ta'asar. Aka ɗaga giyabos, aka turo, ya tafi sumul har saura tazarar yatsu biyu ya tsaya cak. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san abin da tsayawar nan take nufi: tsinin sanda ya iso bakin jilba bai samu hanya ba. Mai haƙuri sai ya ja baya ya duba. Kai kuwa ka ce a kawo dogayen kusoshi. Ka zura su, ka kama ɗaurewa ɗaya bayan ɗaya, ƙarfe yana ƙara yana roƙonka, kana cewa yaro ya ƙara maka bututu a kan sifana. Da ƙarfin zare ka jawo giyabos ya haɗe da inji. Ka fito kana karkaɗe riga, ka ce a gaya wa Katsinawa aiki ya ƙare.

Kukan ya tafi, wannan gaskiya ne. Abin da ya maye gurbinsa ne ba a taɓa gani ba. Tsinin sanda ya cushe cikin tagullar da ka baje, ya kama ƙam, don haka ko an taka kuloci har ƙasa sanda ba ta daina juyawa tare da inji. Giya ta ɗaya ta ƙi shiga. Ribas kuwa in an matsa mata sai ta yi wata kururuwa da ke tashin kajin maƙwabta. Direbanmu ya koma sai ya kashe inji, ya sa giya, sannan ya murɗa makulli, motar ta yi tsalle ta tashi da gudu ko an shirya ko ba a shirya ba. A bakin kasuwar Sinnar ta yi irin wannan tsallen, kwanduna biyu suka sauka ba a sauke su ba, wani jakin karo ya tsinke da mai shi a kai. Kafin a kai sauran inda za a kai, rana ta gama da su, tumatir ya zama miya tun a kwando. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, an kawo maka mota mai kuka ka mayar da ita mai harbi.

Na san abin da za ka ce, don na saba jin sa. Za ka ce Bakatsine sai baki, bai taɓa riƙe sifana ba. To ai ubangida ba ya riƙe sifana, shi ya sa ya ajiye ka. Za ka ce zamani ne, kaya babu. A nan kam zan sassauta murya, don ba abin wasa ba ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ba wanda bai ɗanɗana ba. Wad Madani, inda muke zuwa neman kowane irin isbir, wato kayan gyaran mota, ta fita hannun soja a Disambar shekarar, ba ta dawo ba sai Janairun 2025. Sinja ma ta sha nata a 2024. An wawashe shaguna, an watsa warshoshi, ustoci da yawa sun bar kayan aikinsu sun tsira da rai. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar da na gudun hijira gidajensu. Amma wannan hujja a kanka take, ba a gare ka ba. Lokacin da kaya suke a yalwace, in ka ɓata jilba sai a aika a sayo wata kafin la'asar. Yanzu da guda ɗaya sai an yi cigiya, wanda ya samu ya kamata ya riƙe ta da hannu biyu.

Kuma kada ka ce ƙasar ce ba ta da gwanaye. Dubi Sifinja. Lorin Bedford TJ ne da Ingila ta fara ƙerawa a 1958, masu shi suka daina tun tuni, amma maƙeran Sudan suka warware shi suka sake ƙera shi, suka ƙarfafa shasi, suka ƙara sifirin, ya riƙa ɗaukar abin da wanda ya zana shi bai taɓa mafarki ba, yana keta yashi da laka. Har Jamusawa suka zo suka yi fim a kansa a 2009. Su ma suna da guduma, wadda ta fi taka girma. Bambancin shi ne sun san inda ake sauke ta da inda ake ajiye ta a ɗauki ma'auni.

Ga yadda za ka yi in an sake saukewa, kuma za a sake. Ka ciro wadda ka kashe da dabarar burodi. Ka bi tabon kurfinka da ƙaramin magagari da sanfefa mai laushi har yatsa ya daina jin tudu, ka wanke ramin da fetur ya bushe. Ka bi tsinin sanda da farce, in ka ji zarara ko ka ga ya yi shuɗi don zafi, ka faɗa mana gaskiya tun kafin a rufe. Sabuwar jilba ka gwada ta a kan tsinin tun tana hannu, ta shiga ta juya ba tare da ta yi lilo ba. Ta kwana cikin man inji mai tsabta. Da safe ka ƙulle ta a leda ka kai wa mai ƙanƙara ya binne maka ita cikin kularsa, don sanyi yana ɗan tsuke ta ta shiga da sauƙi. Kada ka ce mini babu wuta, mai ƙanƙara yana nan kullum a bakin tasha, kai ne ma babban mai cin bashinsa. Gefen da aka ɗan fafe bakinsa ta ciki shi ke kallon giyabos, don shi ke yi wa tsini jagora. Ka ɗora soket ko guntun ƙarfe mai faɗin bakinta daidai, ka riƙa ɗan ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma kana dubawa ta kowane gefe, har ta zauna inda ta farko take. Sautin bugun zai sauya, in kana da kunnen ji. Bayan ta zauna ka sake gwada ta da tsohuwar sandar giyabos, don matsin rami yana rage mata faɗi kaɗan. Da wannan sandar dai za ka daidaita farantin kuloci a tsakiya kafin ka ɗaure murfi. Giyabos kuma da hannu yake shiga har ya manne. In ya tsaya, a sa giya a ɗan juya bayansa haƙora su haɗu. Kusoshi riƙewa ne aikinsu, ba jawowa ba.

In ta ƙwarai ta gagara samuwa, mai makaraɗa, wato injin fafe ƙarfe, zai iya fafe maka wata daga dunƙulen tagulla. Tana aiki, amma ba ta da ƙofofin mai, don haka ita ce ake ɗan shafa wa giris sama-sama, kuma ba ta kai waccan daɗewa. Ka kai masa awo na gaskiya, ba irin naka na kara da tsinke ba.

Saura hukunci. Kuɗin sharar da na saba ba ka a watan cika-ciki bana na riƙe, na cire a kuɗin tumatir, kuma har jikokinka za su tarar da ragowar bashin. Saukewa da mayarwa a kanka suke, ko sisi ba za a ƙara maka ba. Babbar guduma za a kai ta ajiya wurin mai shayi, ba za ta fito ba sai motar ta shiga ribas inji yana aiki, a gaban shaidu, cikinsu har da mai jakin nan. Yaronka ɗan Bakatsiniya shi zai riƙe soket, kai ka riƙe masa fitila.

Ranar Asabar za a jawo ta da tarakta. Ka tanadi burodi kashi biyu, naka daban, na aikin daban.